Katin Aljanu a Garin Kuza

Ɗaurin auren 'yar wani abokina ne ya kai ni Jos a watan Disamba, lokacin da hunturu ya kankama. Mun bar Kano bayan sallar asuba, muka bi ta Kwanar Dangora, muka ratsa dajin Falgore kowa bakinsa ɗauke da addu'a, muka sha shayi a Saminaka. Daga Jingir mota ta fara hawa, kunnuwana suka toshe, duwatsu suka bayyana wani kan wani kamar da hannu aka jera su. Kafin mu kai Mista Ali na riga na ciro rigar sanyin da uwargida ta cusa mini a jaka. Garin yana bisa tudu mai tsayin kusan mita 1,200, sanyinsa kuma ba irin namu ba ne mai zuwa da ƙura ya tafi da hantsi. Wannan a ƙashi yake kwana.

Biki ya yi albarka, amarya ta tare lafiya. Abin da na dawo da shi a raina kuwa a ƙarƙashin gado na same shi. Masaukina ya sauke ni a ɗakin ɗansa, wani saurayi mai natsuwa da ke karatun lissafi a Jami'ar Jos. Bayan isha'i ya yi sallama, ya durƙusa ya gaishe ni.

"Kawu, a yi mini afuwa, wani kwali zan ɗauka a ƙarƙashin gado."

Kwalin takalmi ne an ɗaure shi da roba, amma yadda ya rungume shi ya sa na tambaya ko takardun makaranta ne. Ya yi jim, ya sunkuyar da kai.

"Kati ne, Kawu. Amma wallahi ba karta ba ce, ba ma sa kuɗi."

Na gane tsoronsa. A wurinmu da zarar an ce kati, hankalin babba ya tafi ga 'yan caca na bayan tasha. Na ce ya zauna ya buɗe mu gani.

Katunan sun kai dubu, a tsattsaye, an rarraba su da gutsattsarin kwali. Kowanne bai kai tafin hannu ba. Bayansu iri ɗaya ne, ruwan ƙasa, da ɗigo biyar: fari, shuɗi, baƙi, ja da kore. Gabansu kuwa kowanne da nasa zane a sama da rubutun Turanci a ƙasa. Ga dodo mai fukafukai yana aman wuta, ga aljani yana fita daga hayaƙi, ga fadama, ga tsauni. Sunan wasan Magic: The Gathering. Rabin kwalin ya tsinto shi ne a Kasuwar Katako, cikin dilar kayan wasan yara na gwanjo, mai kayan bai ma san ko mene ne ba. Sauran kuwa yayar wata abokiyar karatunsa da ke aikin jinya a Ingila ce ke aiko musu jefi-jefi.

Ya yi mini bayanin dokar a taƙaice. Mutum biyu ke karawa, kowa da rai 20 da damin kati 60 da ya zaɓo da kansa. Akwai katunan ƙasa, su ke ba da ƙarfi, da wannan ƙarfi ake kiran mayaƙa da dabaru, wanda ransa ya ƙare an cinye shi. Wani masanin lissafi ɗan Amurka, Richard Garfield, shi ya ƙirƙiro wasan, kamfanin Wizards of the Coast ya fitar da shi a watan Agustan 1993. Da ya ambaci lissafi sai na ga fuskarsa ta washe. Ya ce kafin ya haɗa dami sai ya zauna da biro ya auna katin ƙasa nawa zai sa cikin sittin ɗin don kada hannunsa na farko, mai kati bakwai, ya zo masa fayau.

Ni katin da na sani shi ne Whot, wanda da wuya ka sami tashar mota ko ɗakin kwanan ɗalibai a ƙasar nan da ba a buga shi. Shi ma baƙo ne, wani Bature William Storey ya ƙirƙiro shi a Ingila a 1935, ya zauna da mu har muka sa masa namu dokokin. Kati 54 ne, ka saya sau ɗaya, ka yi ta bugawa har gefensa ya lanƙwashe. Wanda uba ya buga shi ɗa zai buga. Na ce masa to wannan nasu nawa ne cikakkensa?

"Ai ba shi da cikakke, Kawu. Ba ya ƙarewa."

Ya ɗan yi tunanin yadda zai fahimtar da ni, can ya ce, "Ka san yadda Kwana Casa'in ke zuwa zango-zango? To haka ne." Kowace 'yan watanni kamfani na fitar da sabon zango, da katuna ɗari biyu ko uku da ba a taɓa gani ba, da sabuwar duniya, da sabon labari, da sabbin dokoki. A da sau uku ko huɗu ne a shekara, yanzu abin ya ƙaru. Katunan da aka buga daban-daban daga 1993 zuwa yau sun haura 20,000. Kowane zango da tambarinsa, ɗan mitsitsi a gefen dama na kati, ƙasan zanen. Tun 1998 launin tambarin ke gaya maka darajar kati: baƙi gama-gari, ruwan azurfa tsaka-tsaki, ruwan zinari mai wuyar samu. A 2008 aka ƙara na huɗu, ja mai ruwan lemo, wanda ya fi duka ƙaranci.

Ya zaro mini wasu tsofaffi da gefensu ya koɗe, tambarinsu itacen dabino. Zangon Mirage ne na 1996. Na kai su kusa da fitila, sai na ga jarumai baƙar fata, da zakuna, da filin ciyawa mai kama da namu na damina. Nahiyar da aka ƙirƙira wa zangon sunanta Jamuraa, kuma da Afirka aka kwaikwaye ta. Na ce ashe har sun zo wajenmu. Ya yi murmushi ya ce ai tun daga zangon farko suka zo.

Nan ya ciro wayarsa. Ba shi da katin zangon farko ko ɗaya, don tsadarsu ta fi ƙarfin ɗalibi, sai hotunansu. An fitar da shi a watan Disambar 1993, kati 78 ne kacal, tambarinsa lanƙwasasshen takobi, sunansa Arabian Nights. Yana murza fuskar waya ina karanta sunaye: Ali Baba, Sindbad, Aladdin da fitilarsa da zobensa, darduma mai tashi, kasuwar Bagadaza, ifritai da aljanu kala-kala. Jikina ya yi sanyi. Dare Dubu da Ɗaya ne. Littafin da Frank Edgar da Malam Mamman Kano suka mayar Hausa tun 1924, wanda muka taso muna jin ana karanta shi a rediyo, mu yara a kan tabarma, tsofaffi na korarmu idan an zo wurin da bai kamaci kunnenmu ba. Ban taɓa zaton zan ci karo da shi a Jos, cikin wayar ɗan abokina, da farashin dala a ƙarƙashin kowane suna ba.

Akwai kati ɗaya da ya burge ni ƙwarai, Shahrazad. Dokarsa ita ce, idan an jefa shi, sai 'yan wasa su ajiye wasan da suke yi yadda yake, su ɗauki ragowar daminsu su fara wani sabon wasa a cikin wasan. Sai an gama wannan a koma na farko, wanda aka cinye ya yi asarar rabin ransa. Duk wanda ya san yadda matar nan ke buɗe labari a cikin labari don ta ga wayewar gari, ya san wanda ya tsara katin nan ya karanta littafin da idon basira. Daga baya an hana shi a gasa saboda yana jan wasa ya ƙi ƙarewa.

Akwai kuma waɗanda suka ɓata mini rai. A zangon nan akwai katin da aka sa wa suna Jihad, akwai wanda aka ambaci sunan Allah a kansa, akwai mai sunan Sarki Sulaimanu. Wanda ya tsara su almara kawai ya gani, bai ga inda almara ta tsaya addinin mutane ya fara ba. Sai a watan Yunin 2020 kamfanin ya haramta katuna bakwai, ya cire hotunansu daga rumbunsa, cikinsu har da Jihad da Crusade. Shekara 27 ke nan kafin a farga. Yaron ya ce su a teburinsu ba su taɓa buga waɗannan ba, kuma ba sai an yi musu doka ba. Da na ga teburin na gane dalili.

Ranar Asabar da la'asar ya tafi da ni. Mun bi ta Terminus, muka wuce kangon babbar kasuwar nan da ta ƙone a watan Fabrairun 2002, 'yan tireda sun kewaye ta da rumfuna, muka shiga wani lungu, bayan wani shagon buga takardu. Wanda ya san Jos ya san tun rikicin Satumbar 2001, da waɗanda suka biyo baya a 2008 da 2010, unguwanni suka rabu. Akwai inda Musulmi ba ya son magariba ta riske shi, akwai inda Kirista ba ya so. Tsakiyar gari ce ta rage ta kowa. A nan suka haɗu su biyar a kewaye da teburin yankan takarda: ɗan masaukina da wani Bahaushe ɗan Gangare, da wani Birom daga wajen Bukuru, da ɗan mai shagon wanda Ibo ne haifaffen Jos, da wata yarinya Angas mai karatun harhaɗa magunguna. Duk suka miƙe suka gaishe ni, aka kawo mini kujera da kunun gyaɗa mai zafi. Rubutun kati da Turanci yake, amma wasan da Hausa ake yinsa, irin Hausar Jos mai sauri. "Na kwantar da ƙasa uku." "Tare shi mana!" "Saura maka rai huɗu, ka yi ta kanka." Da aka kira sallar magariba biyu suka kife katunansu suka fita, ukun suka zauna suna jira, babu wanda ya kai hannu.

Iyayensu, Musulmi da Kirista, a kan abu ɗaya suka haɗu: sunan wasan. Masaukina da kansa ya ce mini shi kalmar sihiri ce ba ya so a gidansa. Ko a Amurka an sha wannan, har kamfanin ya daina sa sunan shaiɗanu a katunansa na wasu shekaru daga tsakiyar shekarun 1990, ya kuma goge wani tambarin tsafi daga zanen wani kati. Na zauna sa'a uku ina kallo, ban ga tsafi ba. Lissafi na gani, da haƙuri, da karanta fuskar abokin karawa, irin abin da dattawa ke yi a gindin dara. Inda na ga abin tsoro daban ne.

Yarinyar ce ta ciro shi daga jakarta. Fakiti ɗaya, a rufe, mai ƙyalli kamar ledar biskit. Yayarta ta aiko da uku, an buɗe biyu, wannan suna ajiye da shi tun watan jiya.

"Baba, tunda ka zo, a gabanka za mu buɗe."

Wasa ya tsaya. Ta yage bakin ledar a hankali, ƙanshin sabuwar tawada ya tashi. Kati 14 ne a ciki. Ta riƙe su a hannun hagu, tana ture su ɗaya bayan ɗaya da babban yatsa. Masu baƙin tambari ko kallonsu ba a yi, wucewa kawai suke. Da aka zo masu ruwan azurfa ta rage sauri. Ɗan Gangare ya tashi tsaye. Birom ɗin ya dafa tebur da hannu biyu, ɗakin ya yi tsit har ina jin ƙarar janareton maƙwabta. Ta ture na ƙarshe, ruwan zinari ya bayyana. Ɗan mai shago ya duba waya, ya ce bai kai rabin dala ba. Aka sauke numfashi, aka yi dariyar da ba ta kai ciki ba, aka koma wasa. Fakitin da kansa kuɗinsa ya kai dala biyar, abin da zai ciyar da ɗalibi kwana biyu.

Wannan fakiti shi ne ginshiƙin kasuwar gaba ɗaya. Ba a sayar maka da zango cikakke, sai dai ƙulli-ƙulli, kuma ba ka san abin da ke ciki ba sai ka biya ka yage. Mai hali ya sayi kwali guda mai fakiti talatin ko fiye. Tun 2019 aka ƙaro fakitin masu tarawa, mai katuna masu walƙiya, kuɗinsa ninkin-ba-ninkin na gama-gari, aka kuma ƙaro wasu 'yan katuna da ake sayarwa ta intanet na 'yan kwanaki a rufe. Akwai damin da aka riga aka haɗa, mai kati 100, na wasan mutum huɗu, shi kam ka san abin da ka saya. A 2022, da wasan ke shirin cika shekara 30, an sayar da fakiti huɗu a kan dala 999, katunan ciki kuma ba a yarda a shiga gasa da su ba, har masoya wasan na can suka yi ca. A shekarar ce cinikin Magic ya haura dala biliyan ɗaya, in ji Hasbro, uwar kamfanin tun 1999. A 2023 aka buga wani kati kwafi ɗaya tak a duniya, zoben labarin The Lord of the Rings, aka jefa shi cikin fakiti guda. Wani mutum a Kanada ya dace da shi, mawaƙin Amurka Post Malone ya saya a kan kimanin dala miliyan biyu. Mutum nawa suka yage leda suna neman zoben nan, Allah kaɗai ya sani. Sannan a babbar gasar da aka fi yi, kati na da wa'adi: bayan kamar shekara uku zangonsa ya fita, sai ka sake sabon dami.

Bahaushe na da sunan wannan, cinikin biri a sama. A makarantar zaure kuma an karantar da mu babin garari, da misalin kifi a ruwa da tsuntsu a sararin sama. Ba ni kaɗai na ga haka ba: a 2001 malaman Saudiyya sun hana katunan Pokémon, caca na cikin dalilansu. Shi kansa Magic a dokarsa ta farko kowane ɗan wasa sai ya ajiye kati ɗaya a gefe, wanda ya ci ya kwashe, daga baya aka soke wannan saboda kamarsa da caca. An cire ta daga tebur, ta rage a cikin leda.

Washegari masaukina ya ce ba zan bar Jos ban ga abin da ya kafa ta ba. Muka nufi wajen Bukuru, muka sauka daga kwalta, muka bi wata hanya tsakanin gonakin dankalin Turawa da kabeji. Ko'ina tuddan jar ƙasa ne da tafkuna masu ruwa kore, shiru, ragowar haƙar kuza ta kamfanoni. Can muka tarar da masu aikin da ake kira loto. Rami ne kamar rijiya, bakinsa bai fi faɗin mutum ɗaya ba, an gicciya ƙarfe da igiya a kai. Ana zura saurayi da fitila ɗaure a goshi, ya ɓace, can a jawo buhun ƙasa. Mata na ɗauka a kwanon sarki zuwa bakin ruwa. Na tsuguna kusa da wata dattijuwa, zaninta jiƙe har gwiwa cikin wannan sanyi. Tana juya kwano, ruwa na tafiya da jar ƙasa, tana ture tsakuwa da gefen hannu ba tare da ta dube ta ba. Kwano ya yi ta raguwa. Da ya kusa ƙarewa ta rage sauri, ta karkata shi ga rana. A gindinsa ga ɗan baƙin yashi mai nauyi, bai cika cokali biyu ba.

"Sannu da aiki, Mama. Yau an dace?"

"Sai godiya, ɗana. Wata rana a samu, wata rana a wanke ƙasa kawai."

Hannunta na tsaya kallo. Shi ne hannun yarinyar jiya, turewa iri ɗaya, rage sauri iri ɗaya, har da ɗauke numfashin. Sai dai ita dattijuwar abinci take nema, kuma ramukan nan suna ruftawa da mutane. Akwai wani bambancin kuma da ya fi tsaya mini. Kuza Allah ne ya binne ta inda ya so. Ƙarancin kati kuwa mutum ne ya zauna a ofis ya yanke. Takarda da tawadar da aka buga Black Lotus da su, katin da a bugun farko bai wuce kwafi 1,100 ba, wanda yau ake sayar da mai kyansa kuɗin gidaje, su ne aka buga katin fadama da su. Da kamfanin ya sake buga wasu tsofaffin katuna a 1995 farashinsu ya faɗi, masu tarawa suka yi kuka, sai a 1996 ya fitar da jerin katunan da ya yi alkawarin ba zai ƙara bugawa ba har abada. Mai ramin shi ne mai binne arzikin, shi ne kuma mai sayar da kwanon wanki.

A hanyar dawowa masaukina, wanda kakansa haƙar kuza ce ta kawo shi daga ƙasar Kano, ya yi ta ba ni tarihi. Tun kafin Turawa maƙeran Riruwai da Liruwen Dalma ke narka kuza, suna zuba ta sirara kamar tsinke, fatake na kaiwa kasuwanni. Waɗannan tsinkayen Turawa suka gani suka bi sawu har tudun nan a farkon shekarun 1900. Kafin 1915 jirgin ƙasa ya iso daga Zariya. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da Japan ta ƙwace Malaya, aka yi ɗiban gwamna, aka kwaso dubban talakawa daga lardunan Arewa aka zuba su a ramuka, sanyi da yunwa da cuta suka kashe da yawa. Maƙeran gida kuwa tuni aka kashe musu wuta. Ɗanyar kuza ke tafiya Ingila, ta dawo mana a jikin gwangwanin madara mu saya. Sai a farkon shekarun 1960 aka kafa masana'antar narkawa a Jos, kasuwar duniya kuma ta rushe a 1985, aka bar wa gari tafkuna.

Yana magana ina tuna takobin nan da itacen dabino. Dare Dubu da Ɗaya a 1993, Afirka a 1996, Masar ta Fir'auna a zangon Amonkhet na 2017. Ban kira shi sata ba, domin labari ba shi da shinge. Abubakar Imam da kansa ya ɗebo daga Larabawa da Indiyawa da Turawa ya zuba a Magana Jari Ce, ya narka su har suka zama namu, littafi uku, kowanne da sabon zubi, aku ɗaya na riƙe da zaren. In ana maganar zango, mun san shi tun shekarun 1930. Abin da ke damuna shi ne a wannan fagen ɗanyen kaya kawai muke da shi. Wasu ke narkawa, su zana, su buga, su ƙulle a leda, 'ya'yanmu su jira yayarsu ta aiko daga Ingila.

Yaran nan biyar sun riga sun samo rabin mafita da kansu. Ba mai cewa wannan katina ne. Sun zuba komai a kwali ɗaya, sun tace kati 360 da suka dace da juna, duk ranar wasa a garwaya a raba, kowa ya haɗa daminsa daga abin da ya zo masa, in an tashi a mayar. Katin da ya fi ƙarfin aljihunsu, ɗan mai shago ya buga hotonsa a takarda, a zura a 'yar leda bisa wani gama-gari, don wasansu na cikin gida kawai. Da haka ɗan mai kuɗi bai fi ɗan mai wankin kuza ba sai da kai. Sun ce masu wasan a ƙasashen waje ma suna yin irin wannan kwali na tarayya, har akwai gasar da ba a shiga sai da katunan gama-gari zalla.

Ragowar rabin kuwa a daren da zan tafi na gan shi. Ɗan masaukina ya shigo da wani littafin rubutu mai bango ja, yana jin nauyi.

"Kawu, kai da kake rubuce-rubuce, ka duba mana wannan."

Katuna ne da fensir, yarinyar ke zanawa, shi yana lissafin ƙarfinsu. Ga Gizo, ba shi da ƙarfin kirki, amma duk mayaƙin da ya tare shi sai ya koma yaƙar ubangidansa. Ga Ƙoƙi, tana warware abin da Gizo ya ƙulla. Ga macijin rijiyar Kusugu, idan yana fili ba mai ɗiban ƙarfi daga ƙasa sai sau ɗaya a zagaye bakwai. Ga Sarauniya Amina, duk inda ta sauka sai ganuwa ta tashi. Ɗan Bukuru ya kawo mahayan dokin tudu marasa sirdi daga labaran kakanninsa, an kuma zana wani kati da kan mutum-mutumin Nok, irin waɗanda masu haƙar kuza suka tono, waɗanda na gani a gidan tarihin Jos da aka buɗe a 1952. Maimakon launi biyar sun yi ƙasa huɗu: tudu, fadama, daji, birni. Babu annabi, babu waliyyi, babu abin bautar kowa, sun yi wannan yarjejeniya tun shafin farko. Dokokin da Hausa aka rubuta su. Na karanta har ƙarfe ɗaya na dare. Wasu katunan sun yi ƙarfi da yawa, wasu kalmomin Turanci ne sanye da riga, na gyara abin da na iya. Amma wasa ne na gaske, kuma na ga zango na biyu da na uku a kwance cikin Ruwan Bagaja da tatsuniyoyin kowace ƙabila ta tudun nan.

Ba mafarki ba ne. A Abuja akwai NIBCARD Games, kamfanin Kenechukwu Ogbuagu, da ke tsara wasannin tebur yana buga su a ƙasar nan, har ya karɓi lambar Diana Jones ta masu wannan sana'a a 2021. Jos kuwa gari ne na masu zane da masu ɗab'i da 'yan fim, nan Hukumar Fina-finai ta Nijeriya take da makarantarta. Abin da yaran ke nema bai wuce takarda mai kauri, da injin yanka mai kyau, da babba ɗaya da zai ce ku buga ɗari biyar mu gani ba.

Don haka ina kira ga masu ɗab'i na Jos da Kano da Zariya, da marubutanmu da ke da jarumai jibge a littattafai, da iyayen da ke jin kalmar kati su ɗaure fuska: ku nemi irin waɗannan yara, ku zauna ku kalli wasansu sa'a guda kafin ku yanke hukunci. Ku kuma 'ya'yana na bayan shagon Terminus, sharaɗina ɗaya ne, na faɗa muku baki da baki, ina maimaitawa a nan. In Allah ya sa kuka buga, ku sayar da kowane zango cikakkensa a kwali ɗaya, ku rubuta duk abin da ke ciki a bayan kwalin, da farashin da ɗalibi zai iya. Na riga na ce a ajiye mini kwali biyu na bugun farko, ɗaya nawa, ɗaya na jikokina.